Daga Kube Zuwa Aljihu: Waiwaye Kan Wuƙar Yau da Kullum a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel kafin babur da wayar hannu su cika gari ya san wuƙa tana cikin kayan jikin namiji, kamar hula da takalmi. Manomi ba ya fita gona babu ita. Makiyayi yana da tasa a damtse ko a ƙugu. Fatake da masu raƙuma ba sa kama hanya sai sun shafa sun ji tana nan. Malamin allo ma yana da 'yar ƙaramarsa ta fiƙe alƙalami. Babu wanda ya ɗauki wannan abin tsoro, domin a yini guda mutum kan zaro ta sau da yawa: a yanke igiya, a fere rogo, a gyara asuwaki, a datsa rake, a cire ƙaya daga kofaton jaki, a yanko kaba, ko a yi hanzarin yanka akuyar da ta ci wani abu ta kumbura kafin ta zama mushe.

Yau ma wuƙa ba ta ɓace ba, sai dai ta sauya kama da mazauni. Ta bar kube ta koma aljihu, ta bar damtse ta koma kusa da makullin babur. Mafi yawan waɗanda ake gani a shimfiɗar 'yan koli, daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, masu ninkewa ne, ruwansu yana shigewa cikin ƙota. Ni ban ga laifin wannan sauyi ba, don wuƙa mai ninkewa ta fi dacewa da suturarmu da zirga-zirgarmu ta yanzu. Abin da ke damuna shi ne ilimin da ya zube a hanya. A da, aiki ke yanke tsawon ruwan wuƙa, hannun mai ita kuma shi ke yanke girman ƙota da abin da za a yi ta da shi. Yanzu ido ke zaɓe, ido kuwa ƙyalli yake bi.

Ƙasar nan tun asali mahaɗar hanyoyi ce. Mangawan da suka kafa masarautar sun zauna a Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, kafin gadon sarauta ya dawo Gumel a ƙarni na 19, zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da kasuwa mai cika wadda kanwa ke cikin manyan hajojinta. Inda ayari ke sauka kuwa, nan ake ganin wuƙaƙen al'ummomi iri-iri. Buzaye da Tubawa sukan saƙala tasu a hannun hagu da zoben fata, ta yadda dama za ta kai gare ta ko mutum yana bisa raƙumi. Barebari da tasu ƙirar, Fulani da tasu. Har gobe, wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ya lura da baƙin da suka sauko daga Damagaram da gabanta, zai ga ragowar wannan al'ada. Kowace wuƙa tana faɗa maka daga inda mai ita ya fito da abin da yake ci da shi.

Amma wuƙar talaka ta yau da kullum a maƙerar unguwa ake yin ta. Za ka je ka yi sallama, ka durƙusa ka gaisa, sannan ka ce, "Baba, wuƙa nake so." Maƙeri ba ya tashi ya ɗauko maka wata daga rataye. Tambaya ce ke fara zuwa: "Ta wane aiki?" In ka ce ta gona ce da 'yan yanke-yanke, sai ya ce, "Miƙo hannunka, yaro." Ya dubi faɗin tafinka, ya karyo karan dawa ya auna, ya ajiye karan a gefensa. Daga nan ƙarfe ya shiga wuta, ɗan zuga yana ta aikinsa, gawayin ƙirya yana ja. Maƙeri ya kamo ƙarfen da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, masaba ta yi ta sauka har ya miƙe ya yi baki. Ya tsoma a ruwa don bakin ya yi tauri, ya bi da magagari, ya kai ga dutsen wasa. Sai a dasa jelar ƙarfen cikin ƙota, a kai wa baduku ya ɗinka kube. Wuƙa guda takan ratsa hannu biyu ko uku, kuma duk masu hannun sun san wanda zai riƙe ta, sun san ubansa. Saboda haka babu mai yi maka algus, don gobe ma a masallaci ɗaya za ku haɗu.

Shi ya sa tsawo bai taɓa zama iri ɗaya ba. Mahauci yana da doguwa ta yanka, wadda takan wuce taƙi guda, don wuyan sa ba abin wasa ba ne. Yana kuma da gajera mai ɗan lanƙwasa ta fiɗa, saboda dogon tsini huda fata yake yi, fata mai huda kuwa ta zube a kasuwa. Mai kilishi siririya yake so mai tsawo, wadda za ta bi tsoka ta shimfiɗe ta fale-fale ba tare da ta tsinke ba. Ta baduku gajera ce mai faɗi, yana danna ta da ƙarfin tafi. Askar wanzami ba ta da kauri ko kaɗan, kaifi kawai ake nema a wurinta. Ta malam mai fiƙe alƙalami ba ta fi ɗan yatsa ba. Ita kuwa ta yawo, wadda take bin mutum ko'ina, dattawa sukan auna ruwanta da faɗin yatsu huɗu, ko a ƙara kaɗan. In saurayi ya ce a ƙara masa tsawo, sai a tambaye shi ko giwa zai fiɗe.

Ƙota ma da iliminta. Itacen da aka fi yabo shi ne ƙirya, mai nauyi da tauri, wadda gara ba ta samun ta da sauƙi. Akwai marke, wanda aka sani wajen ƙotar gatari da fartanya, akwai kanya mai duhun zuciya, akwai aduwa ga wanda bai samu waɗancan ba. Mai son ado yakan nemi ƙahon sa ko na rago, a gasa shi a wuta har ya yi laushi, a miƙar, a goge ya yi santsi. Wasu a naɗe musu ƙotar da fatar da aka jeme da bagaruwa, a rina ta ja ko baƙa. A wuyan ƙota akan sa zoben tagulla ko a naɗa waya, don kada itacen ya tsage a inda ƙarfe ya shiga. Kuma ana barin ƙarshen ƙota da ɗan kauri, saboda in hannu ya yi gumi ko maiƙo kada wuƙa ta suɓuce. Waɗannan duk ba a takarda aka koye su ba. Yankan hannu da asarar fata ne suka koyar da kakanninmu, suka bar mana a sauƙaƙe.

Sauyi na farko ta layin dogo ya shigo. Da jirgin ƙasa ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Gagarawa, gyaɗa ta riƙa fita, kayan kanti suna shigowa. Abu biyu suka biyo baya. Maƙera suka bar dogaro da tamar da ake narkawa, suka koma ga tsofaffin ƙarafa, musamman sifirin mota, wanda har yau shi mai ƙera wuƙa ke fara nema saboda yana ɗaukar kaifi yana riƙewa. Sai kuma wuƙar Turai mai ninkewa ta bayyana. Turawa sun daɗe da gane cewa Afirka kasuwa ce ta wannan haja. A 1902 aka fara ƙera wata mai suna Okapi a garin Solingen na Jamus domin kasuwannin Afirka, ƙotarta itace, da zobe a gadon bayanta wanda ake ja a saki ruwan. A 1988 ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu. A Faransa kuma, garin Thiers ya fitar da Douk-Douk a 1929, wadda ƙotarta fallen ƙarfe ne aka ninke, ba kauri ba tsada, ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Mu da muke bakin iyaka, kaya ta fuska biyu suke zuwa mana: ta kantunan Kano, da ta hannun fataken Damagaram. Irin waɗannan wuƙaƙe na farko, a faɗi gaskiya, masu aminci ne. Ƙarfensu baƙi ne, yana tsatsa in an yi sakaci, amma dutse kaɗan ya ishe shi ya dawo da kaifinsa, kuma tsawonsu bai yi nisa da awon dattawa ba.

Dalilin da ya sa mai ninkewa ta ci kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Wuƙar damtse tana son riga mai faɗin hannu, ta ƙugu tana son ɗamara da babbar riga a sama. Da sutura ta koma kaftani da wando mai aljihu, kube ya rasa wurin zama. Yara suka shiga makarantar boko, manya suka shiga ofis da kanti, inda ba ya yiwuwa a zauna da wuƙa a rataye. Aka bar jaki da doki aka hau keke, aka bar keke aka hau babur, aka riƙa cunkusuwa a motar haya, inda tsinin kube zai soki maƙwabcinka. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ma'aikata suka ƙaru, zirga-zirga tsakanin Gumel da Dutse da Haɗeja ta yawaita, rayuwar aljihu ta kafu sosai. Wuƙar da za ta kwanta tare da makulli da carbi ba tare da ta yaga riga ba, ita zamani ya nema, ita kuma ya samu.

Sauyi na biyu shi ne wanda muke ciki. Kayan Turai sun ja baya, na Sin sun mamaye shimfiɗa. Akwai gari guda a kudancin Sin, Yangjiang, wanda ya shahara da ƙera wuƙaƙe da almakasai da ake kaiwa ko'ina a duniya. Suna yin masu kyau ƙwarai, suna kuma yin na banza, ɗan kasuwa kuwa abin da aljihun mutanensa zai iya yake sarowa. Abin da ya fi isowa ƙauyukanmu shi ne mai araha: ruwa dogo mai sheƙi, wani da haƙora a gadon baya, wani da zanen damisa ko kunama, ƙota ta roba mai launi, ga maɓallin da ake dannawa ruwan ya fallo da ƙara. Saurayi ya gani ya ce ya samu kaya. Kwana kaɗan sai bakin ya dakushe, a kai dutse ya ƙi ɗauka, domin farin ƙarfe mara tsatsa in ba a gasa shi yadda ya kamata ba laushi gare shi. Sai ƙusar tsakiya ta saki, ruwan ya riƙa rawa. Sai roba ta tsage. A jefar a sayi wata. Wuƙar da a da ake gada daga uba zuwa ɗa ta zama abin da ba ya ganin damina biyu.

A nan ne nake ganin dattawanmu sun fi mu gaskiya kan tsawo. Duk wuƙa mai ninkewa, rayuwarta tana rataye a ƙusa guda, wadda ruwan ke juyawa a kanta. Gwargwadon tsawon ruwa, gwargwadon nauyin da ke sauka kan wannan ƙusa idan an danna. Kuma tunda dole ruwan ya shige ƙota, dogon ruwa yana jawo doguwar ƙota, aljihu ya yi nauyi, riga ta riƙa zazzagowa. Aikin yau da kullum kuma da kashin farko na baki ake yin sa, kusa da hannu, inda yatsa ke iya sarrafawa. Mai kwance bakin buhun riɗi ko na zoɓo a Maigatari, mai yanka kankana a bakin titi, mai datsa tiyo a gonar rani, mai fere waya zai haɗa fitilar babur, babu ɗayansu da ke buƙatar abin da ya wuce santimita 7 zuwa 9. Wannan kuwa shi ne faɗin yatsu huɗu na babban mutum. Duniya ma a nan ta tsaya. Wuƙar Opinel ta Faransa, wadda aka fara ƙerawa a 1890, lambarta da ta fi karɓuwa ita ce ta 8, ruwanta santimita 8.5. Wuƙar sojan Suwizalan mai jar ƙota ba ta kai haka ba ma. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da mai ninkewa ba tare da an nemi hujja ba, muddin bakinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7.6, kuma ba mai kullewa ba ce. Maƙerin da ke awo da karan dawa da Baturen da ke awo da ma'auni sun haɗu a wuri ɗaya, saboda hannun ɗan Adam ɗaya ne ko'ina.

Game da ƙota kuwa, ƙasarmu ce ya kamata ta yi mana zaɓi, don yanayinmu ba ya raga wa kaya. Muna da rairayi mai laushi da ke shiga ko'ina. Wuƙa mai maɓalli da ƙananan sifirin a ciki, hunturu guda ya isa ƙura ta cike ta ta ƙi buɗewa, alhali mai ƙusa guda da an hura an ɗiga mai ta dawo daidai. Ƙotar ƙarfe zalla tana da ƙarko kuma ba ta cika aljihu, amma a bar ta a kan sirdin babur cikin ranar bazara a ga ko za ta taɓu, kuma in an daɗe ana yanka da ita tana cin tafi. Roba mai araha rana ke busar da ita ta yi ƙaras, in kuma jini ko kitse ya taɓa ta sai santsi, santsi kuwa shi ke kai yatsa bakin kaifi. Fata tana da daɗin riƙo, sai dai tana shan jini da gumi ta yi wari, don haka ta fi dacewa da kube. Itace yana kumbura da damina har ruwan wuƙa ya ƙi fitowa, ya kuma tsuke da rani ƙusa ta yi sako-sako, amma wannan ga itace mai laushi ne ko wanda bai bushe ba. Busasshiyar ƙirya ko kanya da aka shafe da man gyaɗa ba ta cika wannan ba. Ƙaho ba ya shan ruwa sosai, yana da kyan gani, illarsa ita ce yakan tsage in ya faɗi a kan dutse ko ya daɗe a rana. Masu ƙera na tsada a waje yanzu suna amfani da ƙyalle ko zaren gilas da aka daskarar da ƙaro na zamani, mai kaushi-kaushi, wanda ruwa da zafi ba sa yi masa komai. Wanda ya samu irin wannan ta gaske ya samu abu mai kyau. Wanda bai samu ba, itace mai tauri ya fiye masa roba mai ƙyalli sau goma.

Sai dai ina itacen? Wannan tambaya ita ke sa waiwayen nan ya yi ɗaci. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a arewacin ƙasar nan, gatarin masu itacen girki da masu gawayi ya bi sauran. Yaron Sule Tankarkar ko Gagarawa na yau zai iya girma bai san ƙirya da ido ba, sai maina da aka dasa a bakin hanya da makarantu. Maƙeri yana sayen gawayin da ya samu, yana dasa ƙota da itacen da ya samu. Ƙaho kuma, ga shi nan dubbai duk Alhamis a Maigatari, amma a kan shanu yake, yana hawa tirela ya nufi kudu. A can Faransa, masu wuƙar Laguiole suna alfahari da ƙotar ƙaho, mai saye yana biyan kuɗi masu kauri saboda ita. Abin da wasu ke ɗauka kayan ƙawa, mu a bayan mahauta muke zubar da shi, sannan mu sayi roba.

Akwai asarar da ta fi ta itace ciwo, ita ce zubewar mutuncin wuƙa. Tun da harkar daba ta yi ƙarfi a manyan birane, daga baya ƙwacen waya ya biyo, sunan wuƙa ya ɓaci. Yau in aka ga saurayi da ita, ba a tunanin rake ko igiya. A shingen jami'an tsaro, musamman a hanyoyin bakin iyaka irin namu, wuƙa a aljihu tana iya jawo wa mutum dogon bayani. A filin jirgin sama kuwa, tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, maniyyaci ma ya san ba a shiga da ita a jiki. Ban ga laifin jami'in da ya tsananta ba, rai ake karewa, kuma iyaye da yawa sun yi kuka saboda wuƙa. Amma a dubi irin wuƙar da ake kamawa a hannun ɓata-gari: doguwa ce mai tsini, wadda aka ƙera don ta ba da tsoro. Kasuwar da ta cika mana shimfiɗa da irin wannan ta taimaka wajen ɓata sunan. Sakamakon haka mutanen kirki suka ajiye tasu a gida. Sai ka ga magidanci yana yaƙi da igiya da haƙori, ɗalibi yana fiƙe fensir da tsatsattsiyar reza yana yanke yatsa, makiyayi ƙarami yana kallon tunkiya tana shure-shure babu abin yanka. Gajeriyar wuƙa mai sauƙin kai, wadda kowa ya gani ya san ta aiki ce, ita za ta raba mai sana'a da ɗan ta'adda a idon jama'a da na hukuma.

Kada kuma a ɗora wa ta aljihu abin da ba nata ba. Kowace shekara in Babbar Sallah ta matso, kasuwar wuƙa takan tashi, masu wasa wuƙa su yi ta zagaye unguwanni. Nan ne gurbin doguwar wuƙar maƙeri, wadda ake ajiyewa a ɗaki cikin kubenta. Addini ya umarce mu da mu kaifafa abin yanka mu hutar da dabba, kada a wasa a gabanta, kada a azabtar da ita. Wanda ya tunkari ragon layya da 'yar wuƙar aljihu mai rawar ƙusa ya zalunci dabbar, ya kuma sa yatsunsa a haɗari, don mai ninkewa tana iya rufewa a kan hannu. Gida yana buƙatar biyu: doguwa ta yanka da ke zaune wuri ɗaya, da gajera ta yawo. Kakanninmu ba su taɓa haɗa aikin biyun ba.

Maƙeranmu suna nan, ba su ƙare ba. Su ke yi mana fartanya da garma da lauje, su ke gyara amalanke. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe ta Maigatari cikin na farko, da kuma rufewar da ta biyo juyin mulkin Nijar na 2023, mun ga yadda kasuwar da ta dogara da kayan wasu take shiga ƙunci dare ɗaya. Wuƙa mai ninkewa ta asali ba ta fi ƙarfin maƙerin Gumel ba: ruwa ne, da ƙota mai tsaga, da ƙusa guda, da ɗan zobe ko jela da ke hana ta rufewa. Joseph Opinel ma ɗan maƙeran ƙauye ne a tsaunukan Faransa, a maƙerar gidansu ya fara. Abin da ake buƙata shi ne Sarkin Maƙera da mutanensa su gwada, cibiyoyin koyar da sana'a na jiha su sa wannan cikin darasi, a haɗa yaran maƙera da masu walda da masu injin wasa ƙarfe, a karɓo ƙaho daga mahauta. Masu dashen itatuwa kuma su sa ƙirya da kanya da marke cikin abin da suke rabawa, ko da jikoki ne za su ci moriya. Mu masu saye namu shi ne mu yarda mu biya kuɗin aikin hannu, mu daina yi wa maƙeri tayin wulaƙanci alhali ba ma taya ta kanti.

Sauran aikin na iyaye ne, don wuƙa tana da ladabinta, kuma a gida ake koyon sa. Ba a miƙa wa mutum ita ta tsini, ƙota ake juya masa, in mai ninkewa ce a rufe ta tukuna. Ba a nuna ɗan'uwa da ita ko da wasa. Ana yanka ne ana nesanta baki daga jiki. Ba a barin ta buɗe inda yara ke rarrafe. In an gama a goge, a shafa mai, a wasa kafin ta mutu ɗungurum. Ba a zaro ta cikin fushi, ba a kai ta wurin taro ko gardama. Yaron da ubansa ya zaunar da shi ya koya masa waɗannan, ya auna masa ruwan da faɗin yatsunsa, ya sa shi ya damƙi ƙota ya ji ko ta zauna, da wuya ya zama mai zare wa mutane wuƙa a lungu, domin tun farko ya san ta a matsayin kayan aiki da amana. Wanda aka hana shi sani kuwa, a wurin abokai zai koya, su kuma doguwa mai ƙyalli za su nuna masa. Saboda haka in ɗanka ya kai munzalin tura shi gona ko kiwo shi kaɗai, kada ka bar shi ya sayo wa kansa. Ka kama hannunsa ku tafi tare, ka tambaye shi aikin da zai yi da ita, ka zaɓar masa gajera mai ƙotar kirki, ka kuma gaya masa cewa ranar da ka ji ya zare ta a kan mutum, ranar za ka karɓe abinka.